Farin Gari a Kofin Ladan

Da sunan Allah nake buɗe wannan labari, kuma Shi nake roƙo Ya yafe mini kasona a cikinsa, domin ba ƙarami ba ne.

Shekara talatin da ɗaya Pak Derani yana ladanci a masallacinmu na bakin kogin Kelantan, ni ina limanci, ban taɓa jin numfashinsa ya yanke a tsakiyar kira ba sai wata Lahadi da la'asar. Ya kai shahada ta biyu, sai muryar ta ɗauke. Da muka leƙa, muka tarar da shi zaune a ƙasa, ya jingina da gangar da ake bugawa a masallatanmu don sanar da lokacin salla, yana tambaya ko an yi azahar. Wannan ce faɗuwarsa ta biyu cikin kwana goma, ta farko a matakalar gidansa ya yi ta. Aka ce a kai shi asibiti, ya ƙi.

A lokacin wata takwas ke nan da rasuwar matarsa. Mutum ne da duk ƙasarmu ta san shi da kiwon kurciyoyin da ake gasar daɗin kuka da su. Kowace safiya yakan ja kejinsu da igiya zuwa saman dogayen sanduna, ya zauna a ƙasa yana saurarensu kamar mai sauraren karatu. Bayan rasuwar sai sandunan suka zauna haka nan ba keji. Ya rage cin abinci, ya daina zolayata a kan tsawon huɗubata, wadda ya saba cewa shinkafa takan nuna sau biyu kafin in sauko daga mumbari. Na ga wannan duka, na kira shi ƙarancin haƙuri. Na yi masa nasiha sau uku, na ba shi ruwan tofi, na ɗauka na sauke haƙƙin abota.

Washegarin faɗuwar, da hantsi, 'yarsa Mek Som ta hawo barandata. Mace ce mai sayar da busasshen kifi a kasuwar Kota Bharu, harshenta kuma na kasuwa ne. Ta warware wani ƙyalle, ta ajiye kofi a gabana. A gindinsa, ƙarƙashin guntun gahawa, akwai wani farin gari da ya kwanta.

"Tok Imam, duba da idonka, kada a ce Mek Som ce da bakinta," in ji ta. "Wannan sukari ne? Ni dai tun da nake ban ga sukarin da ya ƙi narkewa ba."

Ta ce ta shiga madafa ba sallama, ta tarar da Zawiyah, matar ƙanenta Fadzil, tana murƙushe wani abu da bayan cokali, da ta gan ta kuma sai ta rufe da tafin hannu. Ta tuna mini cewa Zawiyah ba 'yar ƙauyenmu ba ce, daga can saman kogi aka auro ta, inda ba mu san kowa nata ba. Ta ƙara da cewa Larabar farko ta kowane wata yarinyar takan goyi ɗanta ta hau bas, ba wanda ta taɓa gaya wa inda take zuwa, kuma Fadzil yana can Johor yana tuƙin babbar mota, bai san abin da ake ciki ba. A ƙarshe ta furta kalmar da nake gudun ji, wato santau, sammun da ake zuba wa mutum a abinci ya yi ta ƙanjamewa. Ta ce asibiti ba ya ganin irin wannan, kuma gidan tsohon da lambunsa na duriyan, ɗan itacen nan mai tsada, ake gaggawar gada.

Ta riga ta kira Fadzil, zai iso ranar Alhamis. Abin da take so a wurina shi ne ranar Juma'a in sa Zawiyah ta rantse da Alƙur'ani cewa ba ta taɓa zuba kome a kofin tsohon ba. Idan ta kasa, Fadzil ya sake ta, ta koma inda ta fito.

Na gargaɗe ta a kan zato, kamar yadda ya wajaba a kaina. Amma da ta tafi sai na tarar zaton ya zauna a tawa zuciyar. Na tuna cewa Zawiyah ba ta haɗa ido da mutane, ta daina zuwa karatun mata, kuma ita ma ta rame a 'yan makonnin nan, irin ramar mai ɓoye wani abu.

Bayan azahar na tafi dubiya. Pak Derani yana kwance a tabarma yana fuskantar bango. Na ce da Zawiyah ta dafa mana gahawa. Ta daɗe a madafa fiye da yadda dafa gahawa ke buƙata. Da ta fito, ta ajiye kofi mai zanen fure kusa da surukinta, fari kuma a gabana. Na yi bisimilla, na miƙa hannu da gangan na ɗauki mai furen.

Ban kai shi baki ba ta riƙe mini hannun riga, abin da ba mace a ƙauyenmu da ta taɓa yi. Gahawar ta zube a tabarma.

"Ba naka ba ne wannan, Tok Imam," ta ce.

Na tambaye ta mene ne bambancinsu, ba daga buta ɗaya suka fito ba? Ta sunkuyar da kai, ta shiga goge gahawar da ta zube. Na sauka matakala, a zuciyata na gama yanke mata hukunci. Ta biyo ni ƙasa, na gaya mata maganar rantsuwar Juma'a, na kuma hana ta sake ba tsohon kome da hannunta. Ta ce ba za ta iya wannan rantsuwa ba. Na ce to ta san abin da zai biyo baya. Ta ce ta sani.

Da safiyar Talata Zawiyah ta zo gidana ta ƙofar baya, ta roƙi matata ta zauna tare da mu. Ta kwance zanen goyo, ta zaro wani ɗan katin magani irin na asibiti, rabin ƙwayoyinsa babu, ta ajiye a gabana. Sunanta ne a jikin takardar.

A hankali ta ba mu labarin, tana tsayawa tana ci gaba. Ta ce a kwanakin jegonta, waɗannan arba'in da huɗun da mace ke zaune a ɗaka kusa da wuta a al'adarmu, wani duhu ya sauko mata. Takan kalli jaririn ta ji kamar ɗan maƙwabta ne. Barci ya ƙaurace mata, abinci ya koma kamar ƙasa a bakinta, kuma sau biyu ta tsinci kanta a bakin kogi tana kallon ruwa ba tare da ta san dalilin zuwanta ba. Nas ɗin da ke zagayawa duba masu jego ce ta lura, ta kai ta wurin wata likita a ƙaramin asibitin gunduma. Can take zuwa ranar Laraba. An ce mata ciwon damuwa ne, yakan kama mata da yawa bayan haihuwa, kuma yana jin magani. Bayan wata biyu tana shan ƙwayar tana kuma zuwa hira da likitar, ta wayi gari ta ji tana son ɗanta.

Na tambaye ta me ya kai maganinta kofin surukinta. Ta ce wata rana ta same shi a bakin kogi, a daidai inda takan tsaya, yana yi wa ruwan irin kallon da ta sani. Ta roƙe shi ya bi ta asibiti, ya ce shi ba mahaukaci ba ne, ladan ne. Daga nan sai ta ɗago kai ta dube ni, karo na farko.

"Kai ka faɗa a huɗuba, Tok Imam, cewa wanda Allah Ya ba waraka ta wata hanya kada ya ɓoye wa ɗan'uwansa. Ruwan tofinka ma idan ya yi wa mutum amfani, ai yakan zuba wa maƙwabcinsa a kwalba."

Haka ne, na faɗa, kuma haka muke yi. A ƙauyenmu duk abin da ya warkar da wani, ganye ne ko ruwa ko ƙwaya, sai ya zaga gidaje bakwai. Wata guda ke nan tana ba shi ƙwaya ɗaya kullum daga nata kason, ita kuma tana sha yau ta tsallake kwana biyu, don kada ya ƙare kafin Laraba. Ramar da na gani a jikinta, wadda na kira ramar mai laifi, duhun ne yake dawo mata.

Na gaya mata gaskiya ban sassauta ba. Na ce zuba wa baligi mai hankali abu a abincinsa ba da saninsa ba cin amana ne ko da niyyar ta yi kyau, kuma mai yiwuwa wannan ne ya kayar da shi har sau biyu. Ta yi kuka, ta ce ta fara zargin haka tun faɗuwar farko, amma ta ji tsoron idan ta daina zai koma bakin kogi. Na ce to me zai hana ta faɗi wannan a gaban mijinta ta wanke kanta? Amsar da ta ba ni ta daɗe tana yi mini yawo a rai. Ta ce idan an kira ta mai sammu, sakinta za a yi, ta tafi da ɗanta tunda yana shan nono. Idan kuwa aka kira ta mahaukaciya, Mek Som za ta karɓe yaron, kuma kowa zai ce daidai ne. Ta ce wata innarta a can garinsu haka aka yi mata, har ta mutu ba ta sake riƙe ɗanta ba.

Sirrinta amana ne a wuyana, ran abokina ma haka. Na roƙe ta ta yarda mutum biyu kaɗai su sani, shi da likitar. Sai da matata ta sa baki sannan ta amince.

Da yamma, lokacin da Mek Som take kasuwa, muka zauna gaban Pak Derani, Zawiyah ta faɗa masa da bakinta.

"Ashe shi ya sa gahawar ta koma ɗaci," in ji shi. "Ni na ɗauka rowar sukari kika koya a gidan nan."

Bayan haka fushin ya zo. Ya ce ta mai da shi jariri da ake ɗura wa magani, shi da ya wanke gawar rabin iyayen ƙauyen nan. Ya ce ba inda za shi. Na ce masa ni ma na yi masa laifi, domin wata takwas yana nutsewa a gabana ina jefa masa nasiha ina wucewa. Ya ce nasihata dama ba ta taɓa kashe kowa ba, sai dai ta sa barci. Na ce idan bai je an duba shi ba, ranar Juma'a ba ni da abin da zan kare yarinyar nan da shi. Ya dubi ramar da ke jikinta, ya tambaye ta ko da gaske nata kason take rage masa. Ta gyaɗa kai. Ya juya fuska bango ya ce bas ɗin ƙarfe nawa yake tashi.

Washegari Laraba, a ɗakin jira na asibitin, na ga abin da ban zata ba. Akwai yarinya 'yar makaranta da uwarta, akwai matashi da kayan aiki a jikinsa, akwai tsohuwa da carbi. A can kusurwa kuma ga wani mutum da ke tsayawa a sahun farko a bayana kowace Juma'a. Da ya gan ni ya rufe fuska da jarida, ni ma na kau da kai don in sauƙaƙa masa.

Likitar ba ta kai shekarun 'yata ba, amma ta yi wa Zawiyah faɗan da ni ban iya ba. Aka ɗebi jinin Pak Derani, muka jira har bayan azahar. Ta ce gishirin jininsa ya yi ƙasa, kuma irin wannan ƙwaya takan jawo haka a jikin tsoho, balle wanda yake shan maganin hawan jini kamar shi. Wannan ne jirin da ruɗewar. Amma ta ce yarinyar ba ta yi kuskure a ganin da ta yi ba, tsohon yana da ciwon damuwa, ya wuce baƙin cikin rashi da kowa ya sani. Na tambaye ta yaya ciwo zai zama ɗaya magani ya bambanta. Ta ce ciwon ma ba kama ɗaya yake zuwa da ita ba. Yaro yakan zo da ciwon ciki da ƙin makaranta, mai jego ta zo da tsoron ɗanta, tsoho ya zo da shiru da ƙin abinci har a ce tsufa ne kawai. Kowanne da ma'auninsa, na tsoho kuwa da ɗan kaɗan ake farawa, ana duba jininsa. Ta ce a dakata har jikinsa ya daidaita kafin ta ba shi nasa, ta sa masa ranar dawowa, ta kuma ce ya riƙa zuwa hira. Ta mayar da Zawiyah kan cikakken kasonta. Ta ce da ni in ci gaba da addu'ata da zuwa dubiya, ba ta ga abin da zai hana su tafiya tare da magani ba.

Ranar Juma'a na ƙi yarda a yi zaman a masallaci. Muka taru a gidan da hantsi. Fadzil ya iso, ya zauna nesa da matarsa, bai ko dube ta ba. Mek Som ta ajiye kofinta a tsakiyar tabarma. Kafin in buɗe baki Pak Derani ya tashi zaune, ya ce ba sai an wahalar da Littafin Allah ba. Ya ce garin da ke kofin magani ne na ciwon damuwa, shi yana da ciwon, likita ta tabbatar, ga takardarta. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma na gane yana so ya ɗauki sunan shi kaɗai ya rufa mata asiri.

Amma Mek Som ba ta shekara ashirin a kasuwa a banza ba. Ta juya ga mahaifinta.

"Ayah, shekaranjiya likita ta fara ganinka. Garin nan kuwa ya fi mako uku yana shiga cikinka. Daga sama ya faɗo? Tok Imam, kai ma ka yi shiru? Ko ku ukun kun haɗa baki ne?"

Ta dube ni. Ba zan yi ƙarya ba, ba kuma zan tona amana ba, saboda haka na yi shiru, shirun kuwa ya ƙara mata ƙarfi. Fadzil ya gyara zama, ya ce idan ba a faɗi inda garin ya fito ba, shi ya gama magana.

"Nawa ne, Yaya Som," in ji Zawiyah. "Ni ce mai zuwa asibitin. Tun ina jego."

Ta faɗi sauran a taƙaice, har da bakin kogi, ba ta rage kome ba. Mek Som ta saurara, sannan ta miƙa hannu biyu ta ce a ba ta yaron, ita ba za ta bar jinin gidansu a hannun mai taɓin hankali da ke zuwa bakin ruwa ba. Zawiyah ta ƙanƙame shi.

Pak Derani ya ce, "Som, ni ma na je bakin ruwan. Ita ta gan ni, ke kina can kina auna kifi. Idan ciwon nan ya hana ta riƙon ɗa, to ya hana ni kiran salla. Ki gaya wa Tok Imam ya nemi wani ladan, ki ɗauke ni tare da yaron ki goya mu."

Fadzil ya tambayi matarsa me ya sa ba ta gaya masa ba. Ta ce ta ji tsoron abin da yake faruwa yanzu ne. Sai ya juyo gare ni ya nemi hukunci, ko wannan ciwo yana kawar wa uwa haƙƙin reno. A nan dai karatuna ya yi amfani. Na ce abin da malamai suka ambata shi ne gushewar hankali da ke jefa yaro cikin haɗari, ni kuwa a gabana ina ganin mace da ta san lokutan sallarta, ta gane ciwonta, ta nemi magani da ƙafarta wata tara, ɗanta kuma ga shi nan ɓul-ɓul. Na ce ta yi laifi babba a kan surukinta, kuma shi ne mai haƙƙin yafewa ko riƙewa. Pak Derani ya ce ya yafe, da sharaɗin a mayar masa da sukarinsa.

Fadzil ya tashi, ya ɗauke kofin daga tsakiya ya miƙa wa yayarsa, ya je ya zauna kusa da matarsa. Ya tambaye ta wace Laraba ce ta gaba, ya ce zai nemi hutu.

A huɗubar ranar na gyara maganata ta dā. Na ce wanda ya samu waraka ya nuna wa ɗan'uwansa ƙofar da ya bi, ya raka shi in ya iya, amma kada ya ba shi abin da aka auna domin jikinsa shi kaɗai. Ban ambaci sunan kowa ba. Mutumin sahun farko bai ɗago kai ba har na sauko.

Sai da aka yi kusan wata biyu kafin in ga keji ɗaya a saman sanda, sauran sandunan har yanzu ba kome a kansu. Mek Som ba ta sake maganar yaron ba, amma ba ta ce ta yi kuskure ba. Duk ranar da ta zo gidan, ita ke dafa wa mahaifinta gahawa, idan kuma ta tarar an riga an dafa, takan ɗaga kofin ta karkata shi wajen haske ta duba gindinsa kafin ta miƙa masa.